Darasi na Sha Ɗaya: Gano Matsalar Giya da Shaf a Motar Rimot

Motar rimot da wannan darasi yake magana a kanta ta bambanta da ta robar nan da ake saya wa yara da Sallah, wadda in ta lalace sai dai a jefar. Ana nufin irin wadda kamfanoni kamar Traxxas na Amurka da Tamiya na Japan suke ƙerawa, mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, wadda kowane ɓangarenta ana iya kwance shi a sa sabo. A cikinta akwai injin lantarki da giyoyi da kuloci da difarenshal da shaf da boris, kusan duk abin da makanike yake tararwa a ƙarƙashin babbar mota, sai dai an ƙanƙanta su. Waɗannan sassa su ne hanyar da ƙarfi yake bi daga inji har ya isa taya, kuma a wannan hanya aka fi samun matsala. Abin da darasin yake son tabbatarwa ɗaya ne: abin da aka gani a karye yawanci ba shi ne tushen matsalar ba, wani abu ne a gabansa ko a bayansa ya jawo masa karyewar. Saboda haka aikin mai gyara na farko shi ne ya cire batir, ya bi hanyar ƙarfin da hannunsa da idonsa daki-daki, kafin ya kashe ko sisi wajen sayen kaya.

Sai an san hanyar kafin a iya binta. A bakin sandar injin akwai ƙaramar giya ta ƙarfe, wadda wani ɗan sukuru marar kai yake riƙe da ita a kan gefen sandar da aka shafe ya zama lebur. Ƙaramar tana juya babbar giya, wadda a yawancin motocin wannan aji roba ce. Babbar giyar tana zaune a kan kuloci mai sulɓi, wato faifai da 'yan takalma da sifirin da noti yake matsewa, kuma daga nan ƙarfin yake shiga giyabos, ya wuce difarenshal, ya rabu gida biyu ta shaf ɗin hagu da na dama. A ƙarshen kowane shaf akwai ɗan ƙarfe siriri da aka soka a gicciye, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, sai wani abu mai kusurwa shida, faɗin milimita 12, ya hau kansa, wili kuma ya hau wannan. A ƙarshe taya, wadda gam kawai yake riƙe da ita a jikin wili. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙarin doguwar farfela a tsakiya da difarenshal na biyu a gaba.

Lissafi kaɗan zai nuna inda nauyin yake taruwa. Giyabos ɗin Traxxas Slash mai jan ƙafa biyu yana rage juyi da 2.72. Idan babbar giya tana da haƙora 90, ƙaramar tana da 18, ƙaramar za ta juya sau 5 kafin babbar ta juya sau ɗaya, kuma 5 sau 2.72 ya ba da 13.6. Wato inji zai juya sau 13.6 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, ƙarfin murɗawar da yake isa ga shaf kuwa ya ninka na bakin inji kusan haka. Yanzu a duba abin da yake faruwa in mai motar ya canja batir. Injin da aka rubuta masa 3500 yana nufin yana juyi kusan 3,500 a minti a kan kowane bolt ɗaya idan ba ya ɗauke da kaya. Batirin LiPo mai gida biyu bolt 7.4 ne, juyi kusan 25,900 ke nan. Mai gida uku bolt 11.1 ne, juyi kusan 38,850. Gudun ya ƙaru da rabi, amma ƙarfin da yake tare cikin abin da yake juyawa yana tafiya ne da gudu sau gudu, don haka ya ninka sau 2.25. Duk lokacin da motar ta yi tsalle ta dira tayoyinta suna gudu a iska, ƙasa tana tsayar da su farat ɗaya, injin kuwa bai tsaya ba, kuma wannan ƙarfin dole ya sauka a kan wani abu. Mutumin da ya sa babban batir jiya, yau shaf ya murɗe, bai kamata ya zargi shaf ba.

Koke-koken da ake kawo wa mai gyara ba su cika wuce iri uku ba: inji yana kuka mota ba ta motsi, ko tana tafiya tana ƙara, ko tana tafiya da nauyi injin yana zafi. Na farkon shi ya fi koyar da hankali, don haka za mu daɗe a kansa. A cire batir, a buɗe murfin giya. Wannan wurin shi ya raba hanyar gida biyu, kuma kallo ɗaya yana kawar da rabin zato. A juya babbar giya da yatsa. Idan ƙaramar giya ta juya amma sandar inji ba ta bi ta ba, ɗan sukurun nan ne ya kwance, gyaransa bai kai minti biyu ba: a daidaita shi a kan lebur ɗin sandar, a ɗiga masa shuɗin gam na kulle sukuru, a ɗaure da alanki. Wannan gam na ƙarfe da ƙarfe ne, ba a sa shi a sukurun da yake shiga roba domin yana ɓata ta. Idan ƙaramar giya lafiya take, a danne babbar da babban yatsa, wani ya murza tayoyin baya biyu tare zuwa gaba. Idan sun yi tauri sannan babbar giya ta fara sulɓi a kan faifanta a hankali, hanyar a haɗe take. Idan sun juya sakayau ba tare da wata turjiya ba, ko dai kuloci ya saki ƙwarai ko wani abu ya rabu a ƙasa da shi. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin giyabos, haƙora ne suke tsallake juna a ciki, kuma a nan buɗe giyabos ya zama dole.

A wannan gaɓa difarenshal yana yaudarar mutane da yawa. Aikinsa shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga motar, a juya taya ɗaya, ɗayar za ta juya ta baya-baya sumul. Amma halinsa ne ya tura juyi ɓangaren da ya fi sauƙi. In ɗan siririn ƙarfen nan na bayan wili ɗaya ya faɗi, ko shaf ɗaya ya fita daga kofin da bakinsa yake zama a ciki, duk juyin sai ya tsere ta wannan ɓangaren, tayar da take da lafiya ma ta tsaya cak. Mai motar yana ganin tayoyi biyu ba sa motsi, sai ya yanke cewa ciwon yana can tsakiya, ya kwance giyabos gaba ɗaya, alhali abin da ya ɓata bai kai tsinken ashana tsawo ba, kuma noti ɗaya ne tsakaninsa da shi. Haka nan tayar da gam ɗinta ya saki: wili yana juyawa a cikinta, motar tana jan jiki kamar kuloci ya ƙone. Alƙalamin maka yana warware duk waɗannan. A ja layi ɗaya daga taya zuwa wili, wani daga babbar giya zuwa faifan kuloci, wani daga shaf zuwa kofinsa, a mayar da batir a ba motar wuta na ɗan lokaci, a cire batir a duba. Inda layin ya rabu biyu, nan ƙarfin yake zubewa.

Babbar giyar da ta cinye ita ce shaidar da ta fi kowace bayani, kuma abin takaici ita aka fi saurin jefarwa ba tare da an dube ta ba. A riƙe ta a haske a juya ta a hankali. Idan kawunan haƙoran ne aka aske duk zagaye, gindinsu yana nan, to giyoyin biyu sun yi nisa da juna, baki-baki kawai suke taɓawa, kuma sau da yawa sukurorin da suke riƙe da inji ne suka saki har ya ja baya. Idan haƙoran sun sirance, ga garin roba a cikin murfi, ga shi motar ta daɗe tana wani siririn kuka, an matse su fiye da kima. Idan uku ko huɗu ne suka ɓalle a wuri ɗaya sauran suna lafiya, tsakuwa ce ta shiga ko mugun dira aka yi da wuta a hannu. Idan gefe ɗaya na haƙoran ne ya ci, ƙaramar giya ba ta zauna daidai tsakiyar babbar ba. Idan kuma tsakiyar giyar ce ta narke inda takalman kuloci suke, kulocin ya yi sako-sako yana ta sulɓi har ya ɗau zafi. Akwai kuma wanda ba a gani a jikin giyar sai an girgiza sandar da take kai: in tana lilo, boris ya mutu, kuma kowace sabuwar giya aka ɗora za ta bi sahun ta farko. Dalilai shida ke nan, kowanne da gyaransa daban, amma a idon mai gaggawa sunansu ɗaya, giya ta cinye.

Daidaita tazarar giyoyin ba ya buƙatar wani kayan aiki na musamman. A sassauta sukurorin inji, a yanki siririyar takardar littafin rubutu a sa tsakanin haƙoran biyu, a tura injin har ya danne takardar, a ɗaure, a juya giya takardar ta fito. Daga nan a riƙe ƙaramar giya a motsa babbar gaba da baya. Ya kamata a ji ɗan motsi ƙanƙani, kamar ƙyas, ba tare da ta yi lilo ba. A maimaita a wurare huɗu ko biyar na zagayen, domin giyar roba ba ta cika zama da'ira cikakkiya ba, kuma a wurin da ya fi matsewa ake saitawa. A tabbata kuma girman haƙoran iri ɗaya ne. Mai lamba 48 ƙananan haƙora gare ta, mai lamba 32 manya, kuma ba sa shiga juna ko da an tilasta. Kuloci kuwa, ƙa'idar da Traxxas yake bayarwa ga Slash ita ce a ɗaure notin har sifirin ya matse gaba ɗaya, sannan a dawo da shi baya zagaye ɗaya. Kowace mota da ƙa'idarta a littafin da ya zo da ita, amma manufar ba ta canjawa: ya ɗan yi sulɓi a farkon tashi a ƙasa mai riƙo, sannan ya kama.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a kan abu mai araha. Giyar roba ba ta da tsada, in ta cinye a sa wata. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a inda shagon kayan yake kusa da gida. Amma ga wanda sai ya yi odar kayan daga ƙasar waje ya jira makonni, kamar yadda yake ga mafi yawan masu wannan sha'awa a ƙasashenmu, giyar da za ta sake cinyewa a fitar farko ba ta da araha ko kaɗan. Ko a inda kayan suke a yalwace ma, abin da ya cinye giyar yana ci gaba da ɓarna a wani wurin. Boris ɗin da ya mutu yana cin gidansa na roba har sai gidan ya faɗaɗa, daga nan sai an sayi murfin giyabos sukutum. Giyoyin da aka matse suna sa inji jan wuta fiye da kima, zafi ya taru, kuma maganaɗisun da yake cikin inji yana rasa ƙarfinsa in ya sha zafi, ba ya kuma dawowa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ta fi jan hankalin sabon shiga: tunda roba tana karyewa, a canja komai zuwa ƙarfe a huta. Gaskiya ne akwai wuraren da ƙarfe ya dace. Giyoyin cikin difarenshal na motar da aka sa wa inji mai ƙarfi suna amfana da shi, kuma manyan motoci masu girman kashi ɗaya cikin takwas da yawansu da giyar ƙarfe suke zuwa, domin an ƙera sauran sassan su ɗauki wannan nauyi. Sai dai a ƙaramar mota babbar giyar roba tana yin aikin da fis yake yi a wutar gida: ita ce mai araha, ita ce a kusa da hannu, kuma ita take fara sadaukar da kanta in nauyi ya wuce kima. In aka sa ta ƙarfe ba tare da an gyara abin da yake kawo nauyin ba, bugun yana nan, zai dai wuce gaba ya nemi wanda ya fi rauni, ko giyar cikin giyabos, ko shaf, ko boris ɗin inji, waɗanda duk sun fi tsada kuma sun fi wuyar kaiwa. Garin gyaran gira sai a rasa ido. A ganina ƙarfe yana da hurumi ne bayan an daidaita tazara, an saita kuloci, an rage girman ƙaramar giya daidai da batir da taya, an kuma koyi sakin wuta kafin mota ta dira, sannan aka ga wuri ɗaya yana ci gaba da karyewa. A lokacin an san rauni ne na gaske a wurin, kuma kuɗin da aka kashe ya tafi inda ya kamata.

Matsalar zafi da nauyi ma da hannu ake binta. A ja inji baya har giyoyin su rabu, a tura motar a kan siminti. Motar da take lafiya za ta gangara da kanta ta yi nisa ba ƙara. In ta tsaya nan take, a cire shaf ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa har a ga inda ya cije. Abin da aka fi tararwa ciyawa ce ko zare ko gashi da ya naɗe a bayan wili, ko notin taya da aka ɗaure har ya danne boris, ko boris da ƙasa ta shiga yana gurzawa in an juya shi a yatsa. Ƙurar hunturu da rairayi suna gaggauta wannan, shi ya sa ba a shafa giris a kan giyoyin waje guda biyu: yana kama ƙura ya zama abin gurza. Giris na cikin giyabos ne da yake a rufe. In kuwa motar ta gangara lafiya amma inji yana zafi, lissafin giya ne bai dace ba. Masu harkar suna ɗaukar digiri 70 zuwa 80 a matsayin iyakar zafin jikin inji, kuma in babu ma'auni, injin da ba a iya ɗora masa yatsa na daƙiƙa biyar ya kusa wannan iyaka. Canja ƙaramar giya daga haƙora 18 zuwa 20 yana sauke lissafin da muka yi daga 13.6 zuwa 12.24, gudu ya ƙaru, nauyin inji ma ya ƙaru. Sa tayoyi masu girma yana yin irin wannan ko ba a taɓa giya ba, haka doguwar ciyawa da yashi mai zurfi, kuma a watannin bazara injin yana farawa ne daga zafin da ya riga ya yi sama. Maganin shi ne a rage haƙora biyu a ƙaramar giya a sake aunawa bayan 'yan mintuna.

Saura hujja ɗaya da ya kamata a ba ta haƙƙinta. Ana iya cewa wannan hanya ta mayar da hankali kan ƙarfe da roba, alhali wasu alamun daga wuta suke. Haka ne. Na'urar sarrafa gudu tana rage wuta ko ta yanke ta in batirin LiPo ya sauka kusa da bolt 3 a kowane gida, don ta kare shi, kuma wannan yana kama da mota mai ciwon giya. Injin da ba shi da burushi kuma ba shi da na'urar jin matsayi yana ɗan karkarwa a farkon tashi, wanda ba laifin haƙora ba ne. Amma wannan hujja tana ƙara wa hanyar ƙarfi ne, domin raba giyoyin nan biyu da aka yi ɗazu shi ne gwajin da yake bambance ɓangaren wuta da na ƙarfe. Inji yana gefe shi kaɗai, a sa cikakken batir a ba shi wuta kaɗan, ba a ƙure masa ba tunda ba ya ɗauke da kaya. In ya juya sumul, motar kuma ta ƙi gangarawa, ciwon yana ɓangaren ƙarfe. In motar ta gangara lafiya shi kuma yana tari ko yana yankewa, a koma kan waya da soket da batir, a bar giyabos a rufe. Batirin da aka ga ya kumbura kuwa ba a sake caza shi, ba a kuma gwaji da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Kafin zama na gaba, kowane rukuni ya ɗauki mota ɗaya mai lafiya. Mutum ɗaya ya saka mata matsala guda a ɓoye, ko ya zare siririn ƙarfen bayan wili, ko ya sassauta kuloci, ko ya ja inji baya kaɗan, sauran su gano ta batir a cire, suna rubuta kowane gwaji da abin da ya kawar daga zato. Ku ƙirga haƙoran giyoyin biyu ku fitar da lissafin juyin motarku da kanku. Wanda yake da tsohuwar giyar da ta cinye a gida ya zo da ita aji, kada ya wanke ta, domin garin da yake jikinta ma za mu duba shi.